Makankarin Bakin Rafi

Duk ranar da teku ta janye da nisa, garinmu kan zubo kan yashi da bokiti da cokali, kowa na haƙar makankari, 'yan halittun nan masu ɓawo biyu da ke ɓuya cikin yashi. Ni ma nakan je, ko da yake gwiwoyina sun daɗe suna ba ni shawarar in haƙura. Son ganin Soizig ne ke kai ni, matata ta da, wadda ta koma wajen yayarta a tsallaken ruwa. A nan kaɗai nake ganinta.

Ita ta iya karatun yashi. Da ta ga huda biyu dab da juna ta san falurd ne a ƙasa, irin makankarin da ake gasawa da man shanu da tafarnuwa. Ni kuwa abin da na ƙware a kai a zaman aurenmu shi ne riƙon bokiti.

Bana na gano nawa wurin, wata laka mai laushi a bakin rafi, cike da 'yan ƙanana kamar farcen babban yatsa. A al'adarmu, wanda bai kai ci ba, mayar da shi ake yi raminsa a rufe. Tun bazara nake tonowa ina mayarwa, ina jira su girma in cika mata bokiti, ko ta ce in zo mu ci tare.

Da kaka ta shigo haƙurina ya ƙare, na kai mata guda.

"Soizig, duba min. Me ya hana su girma?"

"Gwenole, har yanzu ba ka binne wannan hular ba?" Ta karɓa, ta goge shi da yatsa. "Ina ka samo shi?"

"Bakin rafi."

"Shafa ka ji, sumul. Ɓawon falurd kaushi gare shi, da zane-zane." Ta juya shi, ta nuna min gindin ɓawon, ja-ja kamar kunnen jariri. "Telin ne wannan, wani iri ne daban. Iyakar girmansa ke nan. Tsoho ne ma, sa'anka."

"Ba a ci?"

"Tsuntsaye na ci."

Ta yi dariyar nan tata mai sa ta dafe ƙugu, na tsaya ina saurare har ta ƙare. Na buɗe baki in ce ko kofi ne ta zo mu sha, sai yayarta ta ƙwala mata kira daga nesa, wai ruwa ya juyo.

Ta sa min shi a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kai. Hannunta da sanyi.

"Ka riƙa sa safa mai kauri," in ji ta, ta ɗauki bokitinta.

Na bi ta da ido har ta shige cikin mutane. Ban motsa ba sai da ruwa ya fara shiga takalmina.