Taye Ya Tafi Legas

A al'adar mutanen Ibadan, ba a cewa ɗan tagwaye ya mutu. In an faɗa, wanda ya rage zai ji, ya bi shi. Cewa ake yi ya tafi Legas sayen kaya. Haka aka gaya wa Kehinde ran da aka binne abokin tagwaicinta Taye, bayan zazzaɓin kwana uku. Kakarta Iya Agba ce ta faɗa. A ruɗanin ranar babu wanda ya tuna cewa uban yaran, Morufu, direban bas ne, kullum ta Allah yana tashi daga Ibadan zuwa Legas ya dawo.

Kwanakin farko a bakin ƙofa Kehinde take tarbarsa, tana leƙa bayansa.

"Baba, ina Taye?"

"Bai gama sayayya ba."

"Gobe?"

"Gobe."

A kwana na tara ta daina tambaya. Ta daina yi masa magana gaba ɗaya. A ganin 'yar shekara huɗu, uban da zai je Legas ya dawo da burodi amma bai dawo da ɗansa ba, da gangan yake yi. Daga nan ta rufe bakinta ga abinci. Loma biyu in kakarta ta matsa, sauran ta ture, wai na Taye ne. Wuyanta ya fito. Uwarta Silifa kuwa tun ranar jana'iza take kwance a ɗaki, fuska ga bango.

Ran Lahadi ruwa ya kwana ya wuni, Morufu bai fita ba. A jakar makarantar Kehinde ya tsinci takarda daga malamarsu: makon nan darasin wata da taurari ake yi, kowane yaro ya zo ran Litinin da kumbon zuwa wata, wanda ya haɗa a gida tare da iyayensa. Ya karanta sau biyu. Ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya kawo babbar gorar lemo, da kwalin taliya, da almakashi, da salatif, da takarda mai sheƙi ta cikin kwalin sigari. Bai kira ta ba. Ya san ba za ta amsa ba.

Iya Agba tana zaune kan kujerar tsuguno, tana shafa wa ɗan mutum-mutumin itace manja. Shi aka sassaƙo a madadin Taye. Ana yi masa wanka, ana ajiye masa wake da manja a ƙaramin kwano, don kada ya ji an manta da shi ya janye 'yar'uwarsa.

"Ƙato da gemu kana yankan kwali," in ji ta. "Da haka ka zauna wa karatu, da yanzu motar taka ce."

"Iya, miƙo min rezar nan."

"Miƙo min, miƙo min. Kwandastanka ce ni?"

Ta dai miƙa. Ya naɗe kwali ya yi tsinin hanci, ya yanka fukafukai uku. Hannun da ya saba da sitiyari bai san kan salatif ba, yana manne masa a yatsa. Ta gefen ido ya ga Kehinde ta fito, ta tsaya jikin bango. Ta matso. Ta tsuguna a bakin tabarma.

"Hancin ya karkace," ta ce.

Kwana goma sha biyu rabon da ya ji muryarta gare shi. Bai ɗago ba, don kada ta gudu.

"To gyara min. Ni bas na sani."

Ta gyara. Ta lilliƙa takarda mai sheƙi a jikin gorar, harshenta a waje, yadda Taye yake yi. Ya yanka ƙofa a gefe, ya huda taga ɗaya.

"Biyu," ta ce.

"Biyu na me?"

"Ɗaya tawa, ɗaya ta Taye. Antin makaranta ta ce kumbo ya fi bas gudu. Ni zan je in ɗauko shi, tunda kai ka ƙi."

Reza ta tsaya a rabin taga ta biyu. Kehinde ta karɓi ɗan itacen daga cinyar kakarta, ta tura shi ta ƙofar gorar. Ya shige daidai. Sai ta tura nata hannun, ya shiga har gwiwa, ya tsaya. Ta dubi hannun tana nazari.

"Shi ya shiga. Ni saura kaɗan. Jiya awarwarona ya fita da kansa. In ban ci ba, ban ci ba, zan shiga."

Morufu ya ajiye rezar.

"Kehinde. Taye ba ya Legas."

"Morufu!" Kujerar Iya Agba ta kife. "Haɗiye maganar nan."

"Iya, dubi hannunta."

"Na ga hannunta. Kafin a haife ka na haifi tagwaye, na binne ɗaya. Ɗayar ga ta can Ogbomoso da jikoki shida. Don me? Don na kame bakina. Kai wa ya koya maka rainon tagwaye, 'yan tasha?"

"Babanmu manomi ne, Iya. Har ya koma ga Allah bai ga Legas ba. Ba wanda ya tsaya masa a ƙofa yana jira. Ni kuwa kullum daga can nake dawowa."

Ruwa yana dukan kwanon rufi. Morufu ya juyo da yarinyar ta fuskance shi, ya riƙe kafaɗunta. Ƙashi ne zalla.

"Taye ya mutu. Ni na ɗauke shi da hannun nan, na sa shi a ƙasa. Bas ba ya zuwa can. Kumbo ma ba ya zuwa. Wanda ya je ba ya dawowa. Ba ƙi na yi ba, Kehinde. Ƙarya na yi miki."

Iya Agba ta kewaya hannu bisa kanta, ta ƙyasta yatsu don korar sharri.

"Ta ji. Shi ma ya ji. Abin da ya biyo baya, a wuyanka."

Ta shige ciki.

Kehinde ba ta yi kuka nan take ba. Ta tsura masa ido.

"Kamar kazar Iya da ta mutu?"

"Kamar ita."

"Kazar ba ta tashi ba."

"Ba ta tashi ba."

Sai ta ɗaga kumbon ta maka masa a fuska. Ta sake. Hancin ya ɓalle, fiffike ɗaya ya faɗa cikin ruwa. Morufu bai kare fuskarsa ba. Kukan da ya fito mata bai yi kama da na yaro ba, ta yi ta yi har ta amayar da ruwan da ke cikinta. Daga ɗaki muryar Silifa ta taso ta haɗu da tata. Maƙwabta suka leƙo, suka koma.

Da la'asar ta lafa, tana shessheƙa a ƙirjinsa. Babu abin da ke kusa sai ƙaramin kwanon Taye, waken ya huce, manjan ya daskare. Ya ɗebo da yatsa ya kai bakinta. Ta daɗe tana kallo. Ta buɗe baki.

Loma huɗu ta ci. A ta biyar barci ya ɗauke ta.

Jikinta da ɗumi. Ko na kuka ne, ko na wani abu, bai sani ba. Zazzaɓin Taye ma da ɗumi kaɗan ya fara. Ya ɗora tafinsa a goshinta, ya ɗauke, ya taɓa nasa, ya sake ɗorawa. Iya Agba tana tsaye a bakin ƙofa, ita ma goshin take kallo.

Kumbon yana kwance a gefen tabarma, ba hanci, ɗan itacen yana ciki, fuskarsa daidai tagar da aka gama. Morufu ya miƙa ƙafa, ya juya shi ya kalli bango.