Kunnen Dama

Mai Rediyo ya cusa 'yar robar a kunnensa, ya murza makunnin da farce. Nan take kasuwar ta rufto masa a ka. Fankar da ke saman shagon ta koma injin niƙa, takun agogon hannunsa ya koma guduma, wani mutum can a bakin ƙofa ya yi tari kamar a tsakiyar ƙwaƙwalwarsa. Ya runtse ido, ya zare ta da sauri.

"Ka ji ko?" in ji mai shagon yana dariya. "Wannan ko gawa ka sa wa sai ta amsa sallama."

Na'urorin kunne guda uku ne a jere kan gilashin kanta, tsakanin cajojin waya da fitilun hannu. Mai Rediyo ya shekara ashirin yana gyaran rediyo da lasifika, saboda haka bai zo a matsayin baƙo ba. Ya ciro siririn sukundireba daga aljihu, ya buɗe bayan kowace, ya duba batir, ya duba ɗaurin wayoyi. Ta farko aikinta na gaggawa ne. Ta biyu muryarta ta shaƙe. Ta ukun ce ta kusa fasa masa kai.

"Akwai ta yara daban?" ya tambaya.

"Ai kunne kunne ne, ranka ya daɗe. Shekararta nawa?"

"Biyar."

"To sai ka sa mata ƙaramar robar. Akwai uku a kwalin."

A jikin kwalin akwai hoton wani tsoho mai furfura yana dariya, da rubutu cikin wani harshe da babu mai iya karantawa a cikinsu. Mai Rediyo ya jujjuya kwalin, ya ce a ba shi ta ukun. Ya fito daga kasuwar da tafiyar mutumin da ya san ba a cuce shi ba.

* * *

Tattabara ake kiran 'yar Mai Rediyo, saboda gurnanin da take yi tun tana jaririya idan ta ƙoshi. Tana shekara uku sanƙarau ya kama ta. Ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, ta fito da ranta, ta bar jinta a can. Kalmomin da ta koya suka dinga zubewa ɗaya bayan ɗaya, har saura uku: Baba, ruwa, da a'a. Su ma sun karkace a bakinta.

Uwarta ce ta lura cewa idan aka buga ƙofa da ƙarfi ta gefen damanta tana waigawa. Ta daɗe tana neman inda ake gwajin ji kafin a kwatanta mata wani sashe a bayan babban asibiti. Can suka tarar da wata malama mai gilashi, da wani ɗaki wanda aka lulluɓe bangonsa da soso. Aka sa wa Tattabara abin kunne irin na masu aikin rediyo, aka koya mata wasa: duk lokacin da ta ji wani abu, ta jefa ɗan katako a bokiti. Ta gane wasan cikin minti biyu.

Malamar ta zana layi biyu a takarda, ja da shuɗi.

"Shuɗin na hagu ne, ya yi ƙasa sosai," ta ce. "Jan na dama ne. Nan akwai sauran ji, kuma da shi za ta koyi magana in sha Allahu. Amma ki saurare ni. Na'urar yaro ba a sayenta kamar takalmi. Sai mun ɗauki siffar kunnenta an yi mata mazauni, sannan mu saita ta daidai da wannan layin, ta ɗaga muryar mutum, ta danne ƙara mai yawa. Layinku zai zo nan da wata uku. Kafin nan kada a sa mata komai."

Uwar ta kawo saƙon gida yadda aka ba ta. Sai dai a makon nan shugabar makarantar da aka sa Tattabara ta kira su ofis.

"Mu ba ma korar yaro," ta ce tana gyara takardu. "Amma iyaye suna magana. Idan ranar Litinin ta zo da abin kunne, kujerarta tana nan. Idan babu, akwai masu jira."

Da suka dawo, Inna, mahaifiyar Mai Rediyo da ke zaune tare da su, ta ji labarin daga kan tabarmarta.

"Ikon Allah," ta ce. "Rediyon duk unguwar nan kai ka buɗe masa baki, taka 'yar kuma sai wata mai gilashi ta ga dama?"

Washegari ne Mai Rediyo ya tafi kasuwa.

* * *

A tsakar gida aka sa mata, da la'asar. Ya zaunar da ita a cinyarsa, ya tura ƙaramar robar a kunnen dama. Ko ƙaramar ta yi mata girma, sai da ya danna. Na'urar ta yi wani siririn fito. Ya murza makunnin zuwa rabi, ya ɗaga wa Inna kai.

Inna ta tafa hannu.

Tattabara ta zabura kamar an taɓa ta da wuta. Ta ƙwalla ƙara, ƙarar tata ta koma mata cikin kunne, ta sake ƙwalla wadda ta fi ta.

"Ta ji! Wallahi ta ji!" in ji Inna. "Alhamdulillahi. Sake, sake mu gani."

Uwar tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Baban Tattabara, malamar fa cewa ta yi kada a sa mata komai."

"Malamar ta taɓa kwance amfilifayar rediyo?" ya ce ba tare da ya dube ta ba. "Abin da za su ba mu bayan wata uku, shi ne wannan. Makirfo ne da lasifika. Bambancin kawai su suna da farar riga."

"To kukan fa?"

"Shekara biyu ba ta ji komai ba. Ke aka fito da ke daga ɗaki mai duhu ba sai kin runtse ido ba?"

Sau huɗu yarinyar tana fizge ta a ranar. Daren Lahadi ya samo mafita: ya manne ta da filasta, ya sa uwar ta ɗinka wani ɗan maɗauri na roba da ke zagaye kai. Ranar Litinin shugabar makaranta ta ɗaga gefen ɗankwalin Tattabara, ta ga abin, ta gyaɗa kai. Ba ta yi wa yarinyar magana ba don ta ga ko tana ji.

* * *

Ajin yana da yara arba'in da bakwai, kuma da ƙarfi suke bitar karatu. Ƙararrawar makarantar wani tsohon ƙarfen taya ne da aka rataya a jikin bishiya daf da tagar ajin. Malamar ajin ta aiko cewa Tattabara tana shigewa ƙarƙashin benci. Sau biyu yarinyar ta dawo da rigarta a jiƙe. Tana shigowa gida take kwanciya a kan siminti, ta dafe kai. Idan ta hango ubanta da maɗaurin a hannu da safe, bayan randa take gudu, sai an janyo ta da ƙafa.

Wata rana, a mako na uku, uwar ta cire na'urar don ta wanke mata kai. Ta ga bakin kunnen ya yi ja ya kumbura. Ta daɗe tana kallon abin a tafin hannunta, sannan ta goge shi da gefen zane ta sa a nata kunnen. Daidai nan murfin tukunya ya zame daga kan kanta ya faɗi ƙasa.

Ta sami kanta a durƙushe. Har bayan magariba kunnen yana mata kuwwa.

Ta faɗa masa da ya dawo daga shago, tana zuba masa ruwan wanke hannu.

"Ke kunnenki lafiyayye ne," ya ce. "Dole ta yi miki yawa. Ita kuwa sai da haka."

"Ka bari mu koma mu tambaya."

"Mu koma a ce mana me? A ce a cire, makaranta ta ba wani kujerar? Kin san yadda na yi aka karɓe ta?"

Daga ɗaki Inna ta ce, "Kowane magani da ɗacinsa. Kun cika tausayin da ba shi da amfani, yaran yanzu."

Daga ranar uwar ta riƙa cire mata da zarar ta dawo, ta mayar kafin ya shigo. Amma daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe ɗaya ba ta da iko.

A mako na bakwai kukan ya tsaya. Tattabara ta daina shiga ƙarƙashin benci. Da safe takan miƙa kai a ɗaura mata, idonta a ƙasa. Inna ta ce ai dama ta faɗa, sabo ne. Malamar ajin ta ce yarinya ta nutsu.

Ran Asabar ɗin makon Mai Rediyo ya tafa hannu a bayanta, ba ta motsa ba. Ya ƙara makunnin, ya tafa, sai ta ɗan ƙifta ido. Ya ce batir ne ya yi sanyi. Ya tafi da na'urar shago, ya buɗe ta a ƙarƙashin fitilarsa, ya ɗora wayoyin mitar awon wuta a kan batirin. Allurar ta tashi ta tsaya inda ya kamata. Ya sa a kunnensa, ta kusa tsaga masa kai kamar ranar farko. Ya zauna yana kallon allurar har wani ya zo karɓar rediyonsa. Sannan ya ɗaure bayan na'urar, ya kai ta gida, ya ce ya gyara.

* * *

Ranar da layinsu ya zo ya rufe shago ya bi su. Malama mai gilashi ta yi wa Tattabara murmushi, ta ɗaga ɗankwalin, sai hannunta ya tsaya. A hankali ta ɓare filastar. Ta haska kunnen da 'yar fitila, ta daɗe tana dubawa.

"Tun yaushe?"

"Wata uku ba mako ɗaya," in ji uwar.

"Awa nawa a rana?"

"Biyar. Wani lokaci fiye."

Malamar ta kai yarinyar ɗakin soso. Ta gilashin da ke tsakani suna ganin Tattabara riƙe da ɗan katako a saitin kumatunta, tana jira. Ta tuna wasan. Ta jira, ta jira. Ta kalli malamar, ta kalli bokitin. Can ta jefa ɗaya, sannan ta waiwayo ta ga ko ta yi daidai.

Malamar ta fito da sabuwar takarda, ta ajiye ta kusa da tsohuwar. Mai Rediyo ya saba da zane-zanen ƙarfin sauti, bai buƙaci bayani ba. Jan layin ya sauko, ya wuce shuɗin, ya kwanta a gindin takardar.

"Wa ya ba ku wannan?" ta tambaya, muryarta ba faɗa.

"Ni na zaɓa," ya ce.

"Ba na'urar ji ba ce. Abin ƙara sauti ne kawai. Komai ya shiga ɗaga shi take yi, muryarka da ƙarar mota duk ɗaya, kuma ba ta da iyaka. Ɗan abin da ciwon ya rage, shi ta dinga duka."

"Zai dawo?"

"Idan kunnen ya huta yakan ɗan farfaɗo. Ba zan ce maka ka sa rai ba."

Ta jawo aljihun teburinta na ƙasa don ta ajiye na'urar. Kafin ta rufe ya ga cikin. Sun fi ashirin, wasu da filasta a jiki, wasu da zare. Har da irin ta farkon da ya ƙi saboda aikinta na gaggawa ne.

"Yanzu da na hagu za mu fara," ta ce. "Ɗan abin da ke can ba shi da yawa, amma shi muke da shi. Sai an sake odar wata mai ƙarfin da ya dace da shi. Ku fara koyon maganar hannu, ku duka, har da kaka in akwai. Baba, zauna ka riƙe ta. Kada kanta ya motsa."

Ya zauna. Uwar ta ɗora masa yarinyar a cinya, sannan ta koma jikin taga ta ba su baya. Malamar ta tura ɗan auduga mai zare a kunnen hagu, ta kwaɓa wani ƙullu shuɗi a kan faranti, ta ɗura shi da sirinji har ya cika kunnen.

"Minti biyar zai daskare."

Tattabara ta ƙage na ɗan lokaci. Da ta ga babu abin da ya biyo baya, jikinta ya saki. Ta kwantar da kai a ƙirjinsa, kunnen dama a ƙasa. Kafin ƙullun ya gama daskarewa barci ya ɗauke ta, bakinta a buɗe, yawu yana jiƙa masa aljihun riga. A waje wani ya tura gadon marasa lafiya ya bugi ƙofa, kowa a ɗakin ya waiga. Ita ko gezau.