Tsohon Ɗan Dako da Jikansa

Tsohon a dako ya ƙare ƙuruciyarsa, duk wanda ya ga wuyansa ya san haka. Babban ɗansa ya kawo masa ziyara da matarsa da jaririnsu. Matar kuwa Turanci kaɗai take ji, kuma duk wanda ya miƙa hannu sai ta ƙara ƙanƙame yaron. Gobe za su koma, tsohon bai taɓa jikansa ba.

Ya ƙi yarda a roƙa masa. Yana da gaskiya, mutum ba ya neman tafinta tsakaninsa da jininsa. Ya samu autarsa, malamar makaranta, tana guga.

"Auta, me zan ce ta ba ni shi?"

"Kalma biyu ce, Baba. Akwai carry, akwai hold."

"Turawa ba su da aikin yi. Mene ne bambancin?"

"Carry, ka ɗauka ka kai wani wuri. Hold, ka riƙe kawai, kana nan inda kake."

Tsohuwa, matarsa, ta leƙo daga kicin. "Koya masa ta biyun. In ya faɗi ta farkon, yarinyar nan za ta zaci tasha zai kai mini ɗan angona."

"Ke dai ji da tukunyarki."

Ya zauna yana juya kalmomin. Duk rayuwarsa ɗauka yake yi ya kai ya sauke. Ko 'ya'yan cikinsa bai taɓa zama ya riƙe ba.

Ya wanke hannu, ya sauya riga, ya yi sallama a falo. Ya tsaya gaban surukarsa ya dafa ƙirji. "Hold," ya ce. Ya nuna kujera, ya maimaita.

Ta dubi hannuwansa masu kanta, ta dubi mijinta, sannan ta miƙo yaron.

Nan jiki ya yi abin da ya saba. Tsohon ya ware ƙafa, ya rage tsawo, ya tattara ƙarfi kamar zai ɗaga buhun siminti. Yaron kuwa ba nauyi, sai ya yi sama har ya wuce kansa. Uwar ta yi ƙara.

"Za ka karya mini miji!" in ji tsohuwa daga bakin ƙofa.

Ya yi maza ya zauna, ya kwantar da shi a ƙirji. Yaron ya yi hamma, ya damƙi gemunsa. Surukar ta tsaya a kansu, hannuwanta a miƙe. Can sai ta sauke su. Ta ɗauko matashi ta tura masa ƙarƙashin gwiwar hannu, ta wuce ɗaki haɗa kaya.