Barkonon da Bai San Rana Ba

Tawfiq yana kwance ƙarƙashin wata jif a garejin Oga Nicholas da ke Apo, baƙin mai na ɗiga masa a gwiwar hannu, wayarsa ta fara ruri. Ya ƙyale ta. Da ta sake yi sai ya jawo ta da yatsu biyu, ya ga Perpetual ce, maƙwabciyarsu a Masaka mai shagon kayan masarufi a bakin get.

"Tawfiq, Babanka ya yi aiki yau fa!" ta ce tana dariya. "Duk flawa ɗinka ya fito da shi waje. Ya jera su fine a tsakar gida. Bari in nuna maka."

Ta juya kyamara. Ga robobin barkononsa nan, jarkokin da ya yanka biyu ya cika da ƙasa, an jera su sahu-sahu a kan siminti, rana ta daki kowanne. Ga Baba a gefe da buta a hannu yana zagaya su.

Tawfiq ya yunƙura zai tashi, goshinsa ya bugi ƙarfen mota. Bai ma ji zafin ba.

Barkonon ba irin na kasuwa ba ne. A Dogon Marke, ƙauyensu, mai-wutsiya ake ce masa, saboda ɗan lanƙwasan da ke bakinsa, kuma gidansu kaɗai ke riƙe da irin tun kakanni. Ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, Baba bai fito da komai ba sai rigar jikinsa da ɗan ƙullin iri a cikin hula. Rabin irin Tawfiq ya shuka a bayan gida bara, ƙananan fararen ƙwari suka nannaɗe ganyen, awakin unguwa suka ƙarasa sauran. Abin da ya rage bai cika tafin jariri ba. Shi ya sa ya share ɗan sito da ke cikin ɗakinsa, ya toshe taga, ya haɗa fitilu da batir da faifan sola ɗaya, kamar yadda ya gani a bidiyo. A nan suka tsiro, a nan suka girma, har sun fara fure. Ko ƙwayar iri ɗaya bai rage ba.

Kuma a bidiyon nan an faɗa an maimaita: shukar da ta tashi a ƙarƙashin fitila ba a fitar da ita rana kai tsaye. Ganyenta bai yi kauri ba, ƙonewa take yi.

"Anti, don Allah ba Baba wayar."

Jiya da yamma aka kawo Baba daga Suleja, inda ya yi shekara biyu a gidan ƙanensa ba ya yin komai sai zaman tabarma. Da Tawfiq ya buɗe masa siton, ya daɗe yana kallon hasken nan mai ruwan hoda, sannan ya juya ya je ya kwanta. Tawfiq ya ɗauka gajiyar hanya ce.

"Salamu alaikum, Baba. An wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aikin?"

"Alhamdu lillahi. Baba, na ga an fito da barkonon."

"Na fito da su. Kai, wane irin zalunci ne wannan? Ka kulle shuka a ɗaki kamar mai jego. Ka ga ganyensu kuwa? Laushi kamar alayyafo."

"Haka ne, Baba. Sai dai... ko za a ɗan mayar da su ciki zuwa in dawo? Ranar yau tana da ƙarfi."

"Ƙarfin ake so. Yajin barkono daga rana yake."

"Su waɗannan ba su saba ba ne."

"Za su saba." Muryar Baba ta sauya. "Tun ba a yi auren uwarka ba nake noma mai-wutsiya. Yau kai za ka karantar da ni?"

"A'a, Baba. Allah ya huci zuciyarka."

Tunda suka bar gida bai ji muryar tsohon da kuzari irin na yau ba, wannan ne ya ɗaure masa harshe. Perpetual ta karɓi wayar, Tawfiq ya rage murya ya roƙe ta ta kwashe robobin ta kai inuwa.

"Ni? In je gaban tsoho in kwashe abin da ya ajiye da hannunsa? No o. A garinmu ba a yin haka."

"To ko zani ki shanya a kansu. Ko lemar shagonki."

Ya ji takunta, ya ji tana magana, ya ji Baba daga nesa yana cewa inuwa ce ta lalata su tun farko, a bar su. Ta dawo ta ce, "Ka ji da kunnenka. Ka zo da kanka."

Oga Nicholas yana cin shinkafa a kan benci. Ya dubi Tawfiq, ya dubi jif ɗin da ba a ɗaure mata ƙasa ba.

"Mai motar nan zai zo kafin la'asar. Ina za ka?"

"Oga, gida. Abu ne ya taso."

"Wani ya mutu?"

"A'a."

"Wani na asibiti?"

"Barkonona ne, oga."

Sauran makanikai suka kwashe da dariya. Wani ya ce a kira motar kashe gobara, yaji ya kama da wuta a Masaka. Oga Nicholas bai yi dariya ba. Ya san labarin irin, domin shi ya ba Tawfiq tsohon batirin da ke siton.

"Je ka. Amma gobe kai za ka buɗe gareji, kai za ka rufe."

Daga Apo zuwa shataletalen AYA motar ta yi gudu. Daga nan ya shiga wata ƙaramar tasi, mutum huɗu a baya, cinyarsa manne da ƙofar da ta yi zafi kamar murfin tukunya. Suna gangara Kugbo komai ya tsaya. Tirela ce ta lalace a tsakiyar titi, motoci sun yi cirko-cirko har iya ganinsa. Masu sayar da ruwan leda suna ratsawa tsakaninsu a hankali, ba mai sauri sai shi.

Ya ɗora bayan hannunsa a kan rufin motar, ya janye da sauri. Simintin tsakar gidansu ya fi wannan. Robobin kuma baƙaƙe ne, ƙasar cikinsu ba ta da zurfi.

Ya kira Perpetual. "Yaya suke?"

"Sun ɗan sunkuyar da kai. Baba ya ce barci ne, da yamma za su tashi. Yana ƙara musu ruwa."

"Ruwan ina?"

"Na tanki mana."

Tankin da ke kan rufi, wanda da rana ko alwala ba a iya yi da ruwansa. Tawfiq ya runtse ido. Ya biya direba, ya sauka, ya kama tafiya da ƙafa a gefen titi, yana rabawa tsakanin madubin motoci, wani ya zage shi bai waiwaya ba. Sai da ya kai Nyanya ya samu ɗan acaɓa.

"Masaka. Kada ka tsaya ɗaukar kowa."

"Oga, lafiya?"

"Ka ja kawai."

A Mararaba suka bi ta bayan kasuwa, ta lunguna da kwatami, ƙafarsa ta gogi baro. Ya sake kira, Perpetual ba ta ɗauka ba. Ya kira har sau uku. Abin da yake ta juyawa a ransa shi ne me zai ce in ya tarar duk sun mutu. Da awaki ne suka ci, da ya san wanda zai zaga.

An idar da azahar lokacin da ya tura get. Tsakar gidan tsit. Perpetual tana tsaye a jikin bango, hannuwanta harɗe a ƙirji, ta kalle shi ta kau da kai.

Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya ɗaura ta tsakanin igiyar shanya da ƙarfen taga, inuwarta ta rufe rabin robobin. Shi kuma yana tsugune a rana daga shi sai 'yar shara, gumi na bin wuyansa. Ganyen sun zube jikin kara kamar tsumma, wasu sun yi fari-fari kamar takarda. Fararen furannin sun warwatsu a kan siminti.

Tawfiq ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Hankalin Baba na kan robobin. Ya tura yatsa cikin ƙasar wata roba, ya zaro.

"Ta dafu," ya ce. "Saiwar ta dafu." Ya goge yatsan a jikin wandonsa. "Ban taɓa ganin barkonon da rana ke kashewa ba."

"Laifina ne, Baba. Da na yi maka bayani tun jiya."

"Ka yi min yau. Ban ji ba."

Tawfiq ya miƙa hannu zai ɗauki roba ya ruga da ita ciki, Baba ya riƙe masa wuyan hannu.

"Tsaya. Samo min reza."

Perpetual ce ta ruga shago ta kawo. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana kankare gindin kara da farce. Wanda ya ga ya yi ruwa-ruwa sai ya ture shi gefe da ƙafa. Na bakin sahu duk haka suka tafi, na gaba ma haka. Tawfiq ya daina kallon tarin da ke gefe. Sai a tsakiya, inda robobi suka kare juna, farcen ya tono kore mai tauri. Baba ya sa reza ya sare reshen, ya bar kara tsawon yatsa da idon toho guda biyu.

A jikin ɗaya daga cikinsu akwai ɗa guda, kore, bai kai ƙwayar wake ba, har ya fara lanƙwasa baki. Shi kaɗai ne ya ɗauru a duk siton. Baba ya kai reza.

"Baba, wannan fa? Shi ne irin."

"Bai nuna ba, ba zai nuna ba. In ka bar shi zai tsotse uwar su tafi tare."

"In kuma ba ta toho ba?"

Baba ya ɗago ya dube shi. "To shi ke nan, ni na kashe shi. Ba kai ba."

Tawfiq ya sa hannu biyu ya riƙe robar don kada ta motsa. Baba ya yanke.

Guda huɗu suka tsira, su suka shigar cikin siton. Tawfiq ya jera su a kan katako, ya ɗaga fitilun sama don hasken ya yi sauƙi, ya kunna fanka. Baba ya ce kada a ba su ruwa sai ƙasar ta huce, in an tashi kuma na randa. Ya zauna a ƙasa bakin ƙofar siton, ya jingina da bango, hasken ya rina masa gemu.

"Yaushe za a sani?" Tawfiq ya tambaya.

"In idon ya kumbura, tana da rai. Ba yau ba, ba gobe ba." Baba ya share wuyansa da tafin hannu. "Wannan fitilar taka, kwana take yi a kunne?"

"A'a, ana kashewa da dare. Su ma suna hutawa."

"To nuna min inda ake taɓawa."

Tawfiq ya nuna masa makunnin. Baba ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa ya kunna, sannan ya matsa kusa da kututturan ya zuba musu ido.