Zanin Kaka Afiniki

Ranar da za a binne Kaka Afiniki, duk wanda ya biyo ta layin sai ya rantse biki ake yi. To, ai bikin ne. Tsohuwar da ta haura casa'in, ta goya jikoki ta goya tattaɓa-kunne, wa zai zauna yana yi mata kururuwa? A Kafanchan irin wannan ba a cewa an yi rashi, sai dai a ce ta tafi gida. Matan zumunta na majami'a sun cika ƙofar gida da ankonsu suna buga tukwane suna waƙa, a bayan gida kuma ana ta sauke faten acca.

Mutum ɗaya ce hankalinta bai kwanta ba, wato Jacinta, jikarta mai koyarwa a Kagarko. Al'adar gidansu ce, in tsoho ya rasu, kafin a ɗaga akwati sai jika ɗaya ya sa kayansa ya fito yana kwaikwayonsa, tafiya da magana da faɗa, har sai jama'a sun yi dariya. Kaka da kanta ta zaɓi Jacinta tun tana firamare, ranar da ta kama ta a bayan rumbu tana kwaikwayon ɗingishinta. Maimakon duka, dariya tsohuwar ta yi har ta zauna a ƙasa. Tun daga nan take nanata mata magana ɗaya.

"Ke za ki sa zanina. Amma ki ji da kyau, in kika jiƙa mini shi da hawaye, ba ni ba ke. Ni ban zo duniya zaman kuka ba."

Gaskiyarta kuwa. Ta soya ƙosai a tasha tun jirgin ƙasa yana jirgi, ta noma citta har bayanta ya ranƙwafa, ta binne miji da 'ya'ya biyu, amma ranar Lahadi muryarta ce a sama da ta kowa a majami'a, ko waƙar ta iya ko ba ta iya ba. Ba ta san sannu da zuwa ba. Gaisuwarta ita ce, "Ka ci?" Fasto ma bai tsira ba.

Yanzu ga Jacinta a ɗakin marigayiya, ga zani a hannu, shuɗi wanda ya koɗe, yana ƙamshin man kaɗanya da hayaƙi. Tsoro take ji sosai, don tun da aka yi rasuwar idonta bai bushe ba. Ta ɗaura shi can sama da ƙirji yadda Kaka take yi, ta karkata ɗankwali, ta ɗauki sanda. Ta cije leɓe ta fita.

Tana fitowa tsakar gida aka ɗauki shewa. Ta ja ƙafar hagu, ta tsaya ta dafa ƙugu, ta kalli matan zumunta sama da ƙasa.

"Wannan ce waƙar? Ko sauro ya fi ku murya!"

Wuri ya kaure. Ta wuce madafa ta buɗe tukunya, ta ɗanɗana, ta ce a kawo mata wadda ta ɓarnatar da gishirinta. Ta ɗaga wa jikoki maza sanda, ta ce dukansu mazan banza ne, ba wanda ya taɓa sayo mata ko goro. Ta je gaban fasto ta tambaye shi ko yau ma wa'azin zai kai la'asar, don ta bar wake a wuta. Fasto ya rufe fuska da Littafi Mai Tsarki yana jijjiga don dariya. Wasu dariya suke yi suna share ido, ita kuwa ba ta yarda ta kalli akwatin ba.

Sai ta iso ƙarshen rumfa, inda Baba Kaleb yake zaune. Shi ne ɗan farin Kaka, yayan mahaifin Jacinta, dattijo mai furfura. Yana hanya daga Zangon Kataf tsohuwar ta cika, bai same ta da rai ba. Tun da ya iso bai yi kuka ba, bai yi magana ba, bai kuma sa komai a baki ba. Matarsa Keziya ta yi magiya har ta gaji. Duk wannan dariyar da ake yi, shi ƙasa yake kallo.

Jacinta ta so ta wuce shi. Ina ita ina tsokanar Baba Kaleb, mutumin da ko gaishe shi sai ta durƙusa? Amma Kaka ba ta taɓa wuce ɗanta ba. Ta tsaya, ta zungure shi da sanda a gwiwa.

"Kai Kalebu. Ka ci?"

Dattijon ya ɗago. Bai dubi fuskarta ba, zanin ya duba.

"Ban ci ba, Mama," ya ce a hankali. "Mota ce ta lalace. Na so in iso."

Masu dariya suka yi tsit. Idon Jacinta ya kawo ruwa taf. Wayyo, ga shi nan zai zubo. Ta ɗaga kai sama kamar mai duba hadari, ta haɗiye, ta ja dogon tsaki irin na Kaka.

"Mota na tambaye ka? Keziya, zubo wa yaron nan fate. Dube shi kamar kara!"

Keziya ta ruga ta kawo. Jacinta ta tsaya a kansa da sanda, kamar yadda aka tsaya masa yana yaro. Ya ci cokali ɗaya, ya ci na biyu, hawaye na sauka cikin kwano, bai fasa ci ba. Sai da ya suɗe kwanon ta juya. Matan zumunta suka ɗauki waƙa, maza suka matso wajen akwati.

Ta koma ɗaki da ɗingishinta, ta turo ƙofa. Ta kwance zanin, ta duba shi ciki da waje, babu ɗigo ko ɗaya. Ta ninke shi ta ajiye a kan gadon Kaka, ta matsa can nesa da shi, sannan ta zauna a ƙasa da rigarta ta yi kukanta.