Jaki Mai Hular Direba

Ranar Asabar ɗin taron masu shigar dabbobi, tun kafin rana ta take Lorna Dubiel ta gaji. Shekara da shekaru tana zuwa birnin Pittsburgh duk lokacin zafi, ta sa kayan kura mai gashi shuɗi tana tsalle tana rungumar mutane, amma bana gwiwoyinta sun ƙi. Ta cire kan kurar ta kifa shi gaban fanka, gashinta sharkaf da zufa, ta zauna a teburin sababbin zuwa, wanda kowa ke gudun tsaronsa. Aikinta ta zana wa baƙo dabbar da ya zaɓa a kati, ya rataya a wuya.

Tun safe kerkeci take zanawa. Kerkeci baƙi, kerkeci ja, kerkeci mai fiffike.

Wani dattijo ya daɗe a tsaye jikin ginshiƙi, da sanda a hannu. Sai da layi ya ƙare ya matso. Gefen fuskarsa na hagu ya sauka, bakin ya karkace.

"Zauna, Baba, kujerar ba ta cizo. Jikanka kake nema?"

"Ni kaɗai na zo." Maganarsa na fita a hankali. "Wendell Haskins."

Ya ce direban bas ne, a titin nan na gaba ya ƙare aikinsa. Duk shekara yakan ga karnuka da damisoshi suna tsallaka titi da ƙafa biyu, ya danna musu hon, su ɗaga masa hannu. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya tashi, amma tun daga nan har mai sayar masa da kofi magana yake masa kamar yaron goye.

"Na ce bari in je inda ba a ganin fuska."

"To wace dabba ce kai? Ka ce kerkeci in fasa kuka."

"Da shi na zo a raina."

"Na sani. Kowa da shi yake zuwa. Ka taɓa yi wa farin wata haushi?"

"Ban taɓa ba."

"Me ka iya?"

Ya murza sandar. "Ɗaukar mutane. Tsayawa inda aka ce in tsaya. Matata ta ce taurin kai."

"Baba, ai jaki ne kai."

Kafaɗunsa suka girgiza, ta gane dariya yake.

Ta jawo kati. Ta zana jaki ruwan toka, ta ɗora masa hular direba tsakanin kunnuwa. Da ta zo baki, sai ta saukar da gefen hagu kaɗan, yadda nasa yake. A ganinta karamci ne, ta sha yi wa masu tabo da masu keken guragu haka suna murna. Ta juya masa katin.

Ya dube shi, ya turo mata abinta.

"Wannan kullum ina ganinsa a madubi, 'yata. Gyara masa baki."

Kunya ta kama ta. Ba ta kare kanta ba, ta yaga katin ta ɗauki sabo. Hannunta na ciwo, amma wannan karon ta natsu. Jakin ya fito da baki daidai, haƙora waje, kamar ya ga fasinja yana gudu a bayan bas.

"Yawwa," in ji Wendell. Ya rataya shi da hannunsa mai lafiya, sannan ya kalli kan kurar. "Zan iya gwadawa?"

Ba ta ba kowa aron kan kurarta, amma yau ta yarda. Ta fesa masa turare ta taimaka masa ya zura. Bai jima ba ya fara dukan tebur, ta cire masa. Yana haki, ido ya yi ja.

"A cikin wannan tanderun kuke wuni? Ga wari."

"Zufata ce ta shekaru. Kuma ba a ganin ƙasa, sai an ja ka."

"Ba zan iya ba."

"Yawancinmu ba sa sawa. Jeka tebur na ƙarshe, wata Trish tana sayar da kunnuwan dabbobi na sawa a kai. Ka ce ni na aiko ka."

Lasifika ta kira masu kayan dabbobi su hau layin zagayen titi. Lorna ta haɗiye ƙwayar ciwon gwiwa da ragowar ruwan da ya yi ɗumi, ta mayar da kan kurar, duniya ta koma 'yar taga mai raga. A bakin ƙofa ta hango shi da kunnuwan zomo ruwan toka, don na jaki sun ƙare. Wata damisa ta tsaya tana karanta katinsa, tana tambayarsa wace lambar bas yake ja, shi kuma yana ba ta amsa a hankali, ba ta katse shi ba.

Lorna ta bi layi. Waje rana ce tsagwaronta, kuma zagayen yana da tsawo.