Naman Saifa

Da hantsi bijimin ya faɗi. Gidaɗo na tsaye da ƙwaryar dusa a hannu ya ga dabbar da ya shekara biyu yana kiwo ta yi karkarwa, ta kife a turke. Baƙin jini kamar kwalta ya riƙa tsiyaya ta hanci, ya ƙi daskarewa.

Ya san ciwon, saifa ce. Bara malamin dabbobi ya zo Utai ya gargaɗe su: ƙwayar cutar takan shekara da shekaru a ƙasa ba ta mutu ba. Kada a feɗe, a haƙa rami mai zurfi a binne.

Kafin azahar Maikano mahauci ya iso.

"Malam Gidaɗo, wahalar shekara biyu za ka binne? A sa masa wuƙa a wuya, wa zai ce mushe ne? Tun da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka fito, ma'aikata nama suke ci ba tambaya."

"Ba ka tsoron Allah, Maikano?"

"Ai wuta na kashe komai."

Gidaɗo ya dubi rumbunsa wanda fari ya bari wayam. Ya shige ɗaki, ya bar masa tsakar gida.

*

Kwana huɗu tsakani aka aiko daga Sabon Gari, inda 'yarsa Lubabatu ke aure. Ya same ta kan tabarma, ciki a kumbure, tana aman jini. Mijinta Halliru, akawu, ya ce ba ta ci komai ba sai naman da ya samo da araha a teburin Maikano.

Gidaɗo ya tsuguna kusa da ita.

"Baba," ta ce da ƙyar, "rabonmu da nama haka tun Sallah. Har na ajiye maka soye."

Ba ta kai la'asar ba.

*

A zaman makoki kowa ya zo sai ya ce kwana ne ya ƙare. Ranar uku Maikano ya shigo ya durƙusa, dantsensa ɗaure da tsumma, wani gyambo mai baƙar tsakiya, irin na ciwon saifa, na leƙowa ta gefe.

"Allah ya jiƙanta."

"Amin," in ji Gidaɗo.

Suka shafa fatiha tare, babu wanda ya dubi idon wani.